Ruwan Thénard: Tarihin Kumfar da Ake Nuna wa Ɗalibai

Duk wanda ya taɓa faɗowa daga kan keke yana yaro aka kai shi kemis, ya san 'yar kwalbar nan mai duhu. Mai kemis zai tsiyaya ruwan cikinta a kan ƙujewar, nan da nan wurin ya ɗauki farar kumfa, yaro yana tsala ihu, babban da ya kawo shi yana cewa, "Yi haƙuri, dattin ne yake fita." Haidirojin muke ce wa ruwan, cikakken sunansa kuwa haidirojin feroksaid. Wanda ya lura zai ga in ya gangara kan lafiyayyar fata ba ya yin komai. Sai ya taɓa jini yake tashi.

Na sake gamuwa da kumfar nan muna aji biyar a sakandare. Malaminmu na kemistiri ya shigo aji da kwalbar kemis a aljihu, da ɗan ƙullin leda daga wurin mahauta. Ya zuba ruwan a kofunan gilashi biyu. A ɗaya ya jefa yankan ɗanyar hanta, a ɗayan ya jefa wadda aka dafa. Kofin dafaffiyar ya tsaya shiru, na ɗanyar ya cika da kumfa har ta zubo kan tebur. Ya kunna tsinken tsintsiya, ya hure wutar ya bar jan garwashi a bakinsa, ya kai shi ga kumfar, sai ga tsinke ya sake kamawa. Aji ya kaure da shewa. Mun fi mutum sittin, mun yi cincirindo a kan teburin, kuma ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Na daɗe ina ɗauka sa'a kawai muka ci. Sai da na karanta tarihin ruwan nan na gane malamin ya san abin da yake yi. Ya zaɓi ruwa mai rauni, ya zuba kaɗan, a kofi mai buɗaɗɗen baki. Kowane ɗaya daga cikin zaɓin nan yana da tarihinsa, akwai waɗanda suka biya kuɗin koyonsa da ido, akwai waɗanda suka biya da rai. Darasin da aka koya mana ran nan, wato abin da ke sa sauyin sinadarai ya yi sauri ko ya yi nawa, shi ne dai ilimin da ya fitar da mu daga ajin lafiya.

Ɗan manomin da ya samo ruwan

An haifi Louis Jacques Thénard a 1777 a wani ƙauyen Faransa mai suna La Louptière. Ɗan talakan manomi ne. Ya tafi Paris yana saurayi domin neman ilimi, ba shi da kuɗin biyan malami, sai ya shiga ɗakin gwajin masanin sinadarai Vauquelin a matsayin yaron aike. Daga wanke kwalabe ya kai ga zama farfesa, har daga baya aka liƙa sunansa a jikin sunan ƙauyensu.

A 1818 yana aiki da wani farin gari da ake kira bariyom feroksaid, ya haɗa shi da asid, sai ya sami wani ruwa wanda a ido ba shi da maraba da ruwan sha, amma yana ɗauke da iskar oksijin fiye da ƙima. Ya sa masa suna "ruwa mai oksijin". Yau mun san kowane ƙwayar ruwan sha haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya, shi kuwa ruwan Thénard haidirojin biyu ne da oksijin biyu. Oksijin ɗin nan na ƙari bai zauna daram ba. Ko a cikin kwalba a rufe, sannu a hankali yana zarewa, ruwan yana komawa ruwa zalla. Haske yana ƙara masa sauri, shi ya sa ake sayar da shi a kwalba mai duhu.

Abin da ya ɗaure wa Thénard kai shi ne abin da ya gani da ya fara jefa abubuwa a ciki. Ya zuba garin azurfa, ruwan ya tafasa, kwalbar ta ɗauki zafi. Ya gwada filatinam da zinariya da baƙin garin manganis dayoksaid, duk haka. Da ƙura ta lafa, ƙarfen yana nan yadda aka zuba shi. Ya gwada zaren da ke cikin gudan jini da yankan naman dabba, su ma suka tayar da kumfa. Gwajin da malaminmu ya yi da hanta, ashe an yi shi a Paris kusan shekara ɗari biyu kafin ranar.

Ba shi kaɗai ke ganin irin wannan abin mamaki ba. A 1811, a birnin St. Petersburg na Rasha, Gottlieb Kirchhoff ya dafa sitaci da ɗan asid, sitacin ya zama sukari, asid ɗin bai ragu ba. Bayan 'yan shekaru ya ga tsiron hatsi ma yana mayar da sitaci sukari. Wannan kam mai kunun zaƙi ba ta buƙatar a gaya mata, domin aikin da tsiro ko ɗanyen dankali ke yi ke nan in ta zuba shi cikin dafaffiyar gasara ta bari ya kwana. A 1817 kuma Humphry Davy a Landan ya ga wayar filatinam mai ɗumi tana yin jawur in aka sa ta cikin iskar gas da ta gauraya da iska, alhali ba harshen wuta.

Wanda ya fitar da abin daga ɗakin gwaji ya kai shi gidajen mutane shi ne Johann Wolfgang Döbereiner, farfesa a garin Jena na Jamus, ɗan wani direban keken doki. A watan Yuli na 1823 ya fesa iskar haidirojin a kan wani dunƙulen filatinam mai ƙofofi kamar soso, sai dunƙulen ya yi ja, iskar ta kama da wuta. Ba ƙyastu, ba ƙanƙara. Daga nan ya ƙera 'yar na'urar kunna wuta wadda aka riƙa sayarwa dubbai a Jamus da Ingila kafin ashana ta yawaita, kuma ya ƙi yin rajistar mallakarta.

Masanin Suwidin Jöns Jacob Berzelius ne ya tattara waɗannan labarai a 1835, ya ce duk abu ɗaya ne, ya raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci masu nufin kwancewa. Daga nan muka sami kalmar katalis: abin da zamansa a wuri ke sa sauyi ya gudana, shi kuwa ya fita yadda ya shiga. Suna dai ya samu, amma Berzelius bai iya faɗin yadda abin ke aiki ba, ya kira shi wani irin ƙarfi kawai. Michael Faraday a Landan ya ɗan matsa gaba a 1834, inda ya nuna cewa aikin a kan fuskar ƙarfen yake faruwa: in filatinam ɗin tsaf yake, haidirojin da oksijin sukan haɗu a kansa, in wata iskar ta gurɓata fuskar sai aiki ya tsaya.

Da agogo ya shiga ɗakin gwaji

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, tambayar masana ita ce me ya haɗu da me, kuma me aka samu. Ba su cika tambayar tsawon lokacin da abin ya ɗauka ba. Ludwig Wilhelmy ne ya fara yin wannan tambaya da lissafi, a Heidelberg a 1850. Ya zuba asid a ruwan sukari, ya riƙa auna yadda sukarin ke rabewa ta hanyar duba yadda ruwan ke karkatar da haske. Ya gano cewa saurin rabewar yana bin yawan sukarin da ya rage. In sukarin da yawa, abin ya yi sauri, yana raguwa saurin yana raguwa. Kusan ba wanda ya kula da aikinsa sai bayan shekara talatin da wani abu, shi kuma ya riga ya rasu.

A Jami'ar Oxford, tsakanin 1865 da 1867, wani masanin sinadarai, Augustus Vernon Harcourt, ya haɗa kai da malamin lissafi William Esson. Ruwan Thénard suka ɗauko. In ya haɗu da sinadarin ayodaid yakan saki aidin, shi kuma aidin in ya ga sitaci sai ruwan ya koma shuɗi mai duhu. Dabararsu ita ce su ɗiga wani sinadari mai cinye aidin, a ma'auni sananne, launin ya ɓace, su zuba wa agogo ido har shuɗin ya dawo, su rubuta lokacin, su sake ɗigawa. Harcourt yana aunawa, Esson yana mayar da alƙaluman lissafi. A 1886 Hans Landolt ya fito da wani haɗin mai kama da wannan, inda ruwa garai-garai zai tsaya shiru na wasu daƙiƙu, sannan farat ɗaya ya rikiɗe ya zama shuɗi. Shi ake kira agogon aidin, kuma har gobe ana nuna shi a makarantu.

Sai maganar zafi. Jacobus van 't Hoff, mutumin Holan, ya nuna a littafinsa na 1884 cewa sauye-sauye da yawa sukan ninka saurinsu sau biyu ko fiye in zafi ya ƙaru da digiri 10. A 1889 Svante Arrhenius ya kawo dalili. Ƙwayoyin sinadari kullum suna karo da juna, amma ba kowane karo ke haifar da sauyi ba. Akwai wata katanga ta ƙarfi da sai an tsallake ta, kuma 'yan kaɗan ne daga cikin ƙwayoyin ke da kuzarin tsallakewa. Zafi yana ƙara yawan masu wannan kuzari. Katalis kuma yana buɗe wata hanyar wadda katangarta gajera ce.

Wilhelm Ostwald na Leipzig ya daidaita ma'anar a 1894: katalis yana sauya saurin abin da dama zai iya faruwa, ba ya ƙirƙiro abin da ba zai yiwu ba. Wannan aiki na cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1909. In ana son misali, a dubi dillali a kasuwar kara. Mai saniya yana son sayarwa, mai kuɗi yana son saye, amma suna iya wuni ba su daidaita ba. Dillali ya shiga tsakani, ciniki ya faɗa cikin ɗan lokaci, ya juya ya kama wasu biyun. Bambancin kawai, katalis ba ya karɓar la'ada.

A wannan shekara ta 1909 Fritz Haber ya nuna a Karlsruhe cewa da katalis ana iya ɗaure naitirojin na iska da haidirojin a sami amoniya. Alwin Mittasch na kamfanin BASF ya yi dubban gwaje-gwaje kafin ya dace da katalis mai araha na baƙin ƙarfe, aka buɗe masana'anta a Oppau a 1913. Buhun yuriya da manomi ke saye da damina daga wannan hanya ya fito.

Sirrin hantar ma an warware shi. A 1900 Oscar Loew ya gane akwai wani sinadari na musamman a jikin tsirrai da dabbobi mai rusa ruwan Thénard, ya sa masa suna katales. A 1937 James Sumner da Alexander Dounce na Jami'ar Cornell a Amurka suka tace shi tsantsa daga hantar saniya. Jikinmu da kansa yana samar da ɗan feroksaid a cikin aikinsa na yau da kullum, katales ne ke share shi kafin ya yi ɓarna, kuma ƙwaya ɗaya tana iya rusa miliyoyi a cikin daƙiƙa guda. Shi ke tayar da kumfa a kan ciwo, ko da datti ko babu. Furotin ne, dafuwa tana lalata siffarsa kamar yadda take daskarar da farin ƙwai, shi ya sa kofin dafaffiyar hanta ya yi shiru.

Manyan ma sun sha wuya

Tun farkonsa, ilimin sinadarai abin nunawa ne a gaban jama'a. Gani ya kori ji. Amma teburin nunin ya sha cin masu shi.

Thénard kansa, a 1825, yana tsakiyar lacca a gaban ɗalibai a Paris, ya miƙa hannu ya ɗauki kofi ya kurɓa, yana zaton ruwan shansa ne. Ashe narkakken gishirin makuri ne, guba mai kisa. Nan take ya gane, ya sa aka nemo farin ƙwai ya sha, Allah ya yi da sauran kwanansa. Abokin aikinsa Pierre Dulong, wanda suka yi nazarin filatinam ɗin Döbereiner tare, ya riga ya rasa ido ɗaya da wasu yatsu a fashewar wani sinadari da ya gano a 1811.

A watan Afrilu na 1853, Justus von Liebig, wanda a lokacin ba a kai shi suna a Jamus, yana nuni a birnin Munik a gaban gidan sarautar Bavariya. Gwajin na ƙona wani tururi ne a cikin babbar kwalba, ya ba da haske mai shuɗi da ƙara kamar haushin kare. Ya yi na farko lafiya, abin ya burge manyan baƙi, aka nemi ya sake. A karo na biyu kwalbar ta tarwatse. Gilashi ya yanki Sarauniya Therese da ɗanta Yarima Luitpold da shi Liebig ɗin.

Faraday ma yana saurayi ya ji rauni a fashewar irin sinadarin da ya ci idon Dulong. Wataƙila shi ya sa da ya zama mai gabatar da laccocin Kirsimeti na yara a cibiyar Royal Institution, waɗanda aka fara a 1825, ya yi suna wajen shiri. Yakan tsara kowane gwaji tun kafin ranar, shi da mataimakinsa, wani tsohon soja mai suna Anderson. Har wani kati gare shi da aka rubuta "sannu" a jiki, wanda ake ajiye masa a gaba in ya fara gaggawa.

Ruwa ɗaya, ƙarfi daban-daban

Yanzu bari mu koma kan kwalbar kemis mu yi ɗan lissafi. Wadda aka fi sayarwa, kashi 3 cikin 100 ne feroksaid, sauran duk ruwa. Lita ɗaya in ta rushe gaba ɗaya za ta saki oksijin wajen lita 10, zafin ruwan kuma ya ƙaru da kamar digiri 20. Ɗumi ne wanda hannu zai iya riƙewa. Ruwan da ya yi yawa a ciki shi ke shanye zafin.

Wanda ake ajiyewa a ɗakunan gwaji kashi 30 ne. Lita ɗaya tana sakin oksijin fiye da lita 100, zafin da take fitarwa kuma ya isa ya tafasa ruwan har ya yi saura. Yana ƙona fata, yana iya makantar da ido. Da shi ake yin nunin nan da ya cika bidiyoyin intanet, wanda ake wa laƙabi da man goge haƙorin giwa, inda kumfa ke tsiri sama daga doguwar kwalba. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne kumfar tana fitowa da zafin da zai iya sale hannun yaro.

In ƙarfin ya haura kashi 80, an bar maganar aji. Ruwan duka yakan koma tururi da oksijin masu zafin ɗaruruwan digiri. A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa sun yi amfani da shi tare da katalis na famanganet wajen juya famfon man rokar V-2. Bayan yaƙin aka sa shi a makaman tofido na jiragen ƙarƙashin teku. Ranar 16 ga Yuni, 1955, irin wannan makami ya fashe a cikin jirgin Ingila mai suna Sidon yana tsaye a tashar Portland, mutum 13 suka mutu, daga baya sojan ruwan Ingila suka daina amfani da irinsa. Rasha ta ci gaba. Ranar 12 ga Agusta, 2000, jirginta Kursk ya nutse a Tekun Barents. Binciken gwamnatin Rasha ya ɗora laifin a kan tofidon atisaye wanda feroksaid ɗinsa ya tsiyaya. Ruwan da ya sami ƙarfe da tsatsa ya sami katalis, a cikin rufaffen bututu. Fashewar farko ta haddasa gobara, bayan kamar minti biyu sauran makaman suka tashi. Duka mutum 118 da ke cikin jirgin suka rasu.

Sauyin da ya faru a bututun Kursk shi ne wanda ya faru a kofin malaminmu, harafi da harafi. Abin da ya raba su shi ne ƙarfin ruwan, da yawansa, da kuma ko akwai ƙofar da iska za ta fita. Akwai kuma wani abu da ka'idar van 't Hoff ke faɗa: sauyin da ke fitar da zafi yana ƙara wa kansa sauri, saurin ya ƙara zafi, zafin ya ƙara sauri. In ba abin da zai shanye zafin, cikin ƙiftawar ido abin ya fi ƙarfin mai shi.

Makarantu masu kayan aiki ma ba su tsira ba. A Amurka, cikin makonni takwas na 2014, an yi gobara uku a wuraren nuna gwaji ga yara: a wani gidan adana kayan kimiyya a Reno inda mutum 13 suka ji rauni, akasarinsu yara, da wata sakandare a Denver, da wani taron 'yan sikawut a jihar Illinois. Duka ukun abu ɗaya ne. Mai nuni ya ɗauko babbar jarkar metanol ya tsiyaya kusa da wuta, wutar ta bi tururin ta shiga jarkar, ta feso kan masu kallo. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba na shekarar: kada a kawo babban mazubi wurin nuni in ɗan kaɗan ya isa, a yi nazarin haɗarin kafin a fara, a sa kayan kariya, a sa shinge tsakanin gwaji da 'yan kallo.

Abin da ya rage wa malamin aji

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Malamin da ke da ɗalibai saba'in, ba ɗakin gwaji na kirki, ba famfo a kusa, yana iya ɗauka hanya biyu ce kawai gare shi: ya rubuta komai a allo yara su haddace, ko ya kwaikwayi abin da ya gani a waya ya dogara ga sa'a. Tarihin nan ya nuna akwai ta uku, kuma kayanta suna kemis da kasuwa.

Ruwan kashi 3 ya isa ya nuna duk abin da Thénard ya gani. Cokali biyu ko uku a kofi, da yankan hanta, ko ɗanyen dankalin turawa, ko yis ɗin burodi da aka jiƙa da ruwan ɗumi. In aka ɗiga sabulun ruwa, kumfar za ta tsaya har a auna tsayinta da rula. A sirka ruwan da rabi a wani kofin a gwada, an ga dokar Wilhelmy. A sa kofi ɗaya cikin ruwan sanyi, ɗaya cikin mai ɗumi, an ga ta van 't Hoff. A gwada dunƙulen dankali da wanda aka goga, an ga abin da Faraday ya faɗa game da fuska. Agogon aidin ma ana iya haɗa shi da ƙwayar bitamin C, da aidin na wanke ciwo, da sitaci, da wannan ruwan dai na kashi 3, a auna daƙiƙun da agogon waya.

Sauran ka'idojin kowace da mai ita a tarihi. Kada a taɓa toshe bakin kwalbar da ke fitar da iska, wannan darasin Kursk ne. A ɗebi abin da ake buƙata, a rufe babbar kwalbar a kai ta nesa kafin a fara, wannan na Reno ne. A rubuta suna a jikin kowane mazubi, kada a zuba sinadari a gorar ruwan sha ko kwalbar lemo, kada kofin shayin malam ya hau teburin gwaji, wannan na Thénard ne. A gwada abin a keɓe kafin ranar, da kayan da za a yi amfani da su, kamar Faraday. In yara suka ce a sake, kuma za su ce, to a sake da sabon kofi da ma'aunin farko, ba tare da ƙari don a burge su ba. Liebig ma a karo na biyu abin ya same shi.

Akwai kuma wanda yanayinmu ya ƙara mana. Yawancin littattafan gwaji an rubuta su ne don ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25. Ajin da ke ƙarƙashin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana iya kai wa 40. Bisa ƙiyasin van 't Hoff, abin da littafi ya ce zai ɗauki minti ɗaya yana iya ƙarewa cikin daƙiƙa 20 ko ƙasa da haka. Kwalbar da ta shekara a sito mai zafi kuma, ko dai ta rasa ƙarfinta, ko iska ta taru a cikinta. Malamin da ya gwada da safe a ofis ne kaɗai zai san wadda ke hannunsa.

Abu ɗaya ne zan ce malaminmu ya yi sake da shi. Bai sa tabarau ba, kuma ya bar mu mun rufe teburin. Ko ruwan kashi 3 in ya fantsama a ido yana da raɗaɗi, ga kuma wuta a tsinke a tsakiyar yara masu hijabi da manyan riguna. Tabarau na kariya guda ɗaya, da bokitin ruwa a gefe, da layin alli a ƙasa wanda ba mai tsallakewa, da sun cike giɓin. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wanda ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali bai saɓa wa kowa ba.

Cikinmu da muka tsaya a teburin nan, 'yan kaɗan ne suka ci gaba da kemistiri. Ni kaina kwamfuta na karanta. Amma a bara da muka haɗu a ɗaurin auren wani ɗan ajinmu, hira ta biyo ta kan makaranta, ba wanda ya tuna ma'anar katalis yadda aka rubuta mana a allo, kowa kuwa ya tuna tsinken tsintsiyar da ya sake kamawa. Wani daga cikinmu, wanda yanzu shi ma malamin sakandare ne, ya ce duk shekara yana yi wa 'yan ajinsa gwajin. Na tambaye shi wane ruwa yake amfani da shi. Ya ce na kemis, ɗan kashi 3, kuma hantar a wurin mai tsire yake karɓa kafin a gasa.